Idan Mutum Uku Suka Yi Tuntuɓe a Wuri Ɗaya

A watan Agustan 2020, bankin Citibank na Amurka ya tashi tura kuɗin ruwa da bai kai dala miliyan 8 ba ga masu bin kamfanin Revlon bashi, sai ya tura kusan dala miliyan 900 daga asusunsa. Ma'aikata uku ne suka duba aikin, kuma dukkansu suka amince. A fuskar manhajar da suke amfani da ita, sai an cika gurabe uku kafin a hana uwar kuɗin fita, amma sunan gurbi guda ya sa suka ɗauka shi kaɗai ya wadatar.

Idan mutum ɗaya ya yi tuntuɓe, ana iya cewa garaje ne. Idan uku suka yi a wuri ɗaya, hanyar ya kamata a duba.

Masana suna da dabaru biyu masu sauƙi na gano irin wannan tarko. Ta farko, ƙwararru uku zuwa biyar su bi manhajar, kowa shi kaɗai, suna auna ta da ƙa'idoji goma da Jakob Nielsen ya fitar a 1994. Shin tana sanar da mutum abin da ke gudana? Da harshen da ya sani take magana? Tana tare kuskure kafin ya auku? Akwai hanyar komawa baya?

Ta biyu, a ba wanda aka ƙera manhajar dominsa aiki na gaske, ya riƙa faɗin abin da yake tunani, mai lura kuma ya kame bakinsa. Duk inda ya yi turus, nan matsalar take. Nielsen ya ƙiyasta cewa mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan darasi ya shafe mu. Kullum jama'armu na tura kuɗi ta waya, ɗalibai na cika takardun jarrabawa a intanet, kuma wanda ya kuskure akan ce masa bai waye ba. Kafin a ɗora masa laifi, a tambayi maƙeran manhajar: mutum nawa irinsa suka zaunar suka kalla kafin su sake ta kasuwa?