Tafiyar Mai Ƙaramin Guzuri: Hanyar Gabas Daga Ƙasar Getso, Da Ƙafa Da Mota Da Jirgin Sama

Abin da wannan takarda ta nufa shi ne ta bayyana yadda talakan yammacin ƙasar Kano, watau mutumin Getso ko Gwarzo ko Kabo, ya kan kai kansa Makka a dā alhali ba shi da dukiya, da irin ƙasashen duwatsun da ya kan ratsa, da kuma yadda mota da jirgin sama suka sāke wannan tafiya. Labarin hajjin sarakuna da attajirai sananne ne, ga misali na Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921. Amma akasarin waɗanda suka bi hanyar gabas manoma ne da almajirai da masu sana'ar hannu, kuma labarinsu bai shiga takarda sosai ba.

Dalilin da ya sa talaka ke fita

Wajibi ne mu fara da shari'a, domin ita ce tushen al'amarin. Hajji ba ya wajaba sai a kan wanda ya sami iko. To, malamai sun yi saɓani kan ma'anar iko. Shafi'iyya da Hambaliyya sun sharɗanta guzuri da abin hawa. Malikiyya kuwa, mazhabar da ake bi a ƙasar Hausa, sun ce wanda ke iya tafiya da ƙafa, yana kuma da sana'ar da za ta ci da shi a hanya, ya sami iko, muddin akwai aminci ga rai da dukiya. Haka yake cikin Muhtasar na Halil, wanda malaman zaure ke karantarwa. Saboda haka wanzami ko ɗinki ko malamin allo ba ya ganin talaucinsa ya kange shi. Jarinsa biyu ne, sana'a da lokaci.

Akwai kuma dalili na tarihi. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, har aka kashe shi a Burmi cikin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da har ya ɗauki sunansa. Tun daga nan mai tafiya gabas ya san akwai 'yan'uwa a gabansa masu jin harshensa.

Shiri da kaya

Manomi ba ya tashi sai da kaka, bayan ya kai gero da dawa rumbu, ya sayar da gyaɗa ko auduga. Dalili biyu ne. Na ɗaya, a lokacin ne kuɗi ke hannu. Na biyu, ƙasar firki da ke tsakanin Dikwa da kogin Shari ba ta biyuwa da damina, domin laka ce mai riƙe ƙafa, kuma rafukan Wadai da Darfur su kan cika su tsai da matafiyi kwana da kwanaki.

Kayan mai ƙaramin guzuri ba su wuce abin da kai ko jaki zai ɗauka ba: buzu ko tabarma, buta, salka ta ruwa, gafaka da Alƙur'ani, allo da tawada, ƙaramar tukunya. Abincin hanya shi ne wanda ba ya lalacewa, kamar garin gero da tsamiya, ƙuli-ƙuli, dakuwa, kilishi, kuka da daddawa. Bisa ga waɗannan sai kayan sana'a, aska da ƙaho ga wanzami, allura da zare ga maɗinkin hula, wuƙa da tsinke ga mahauci. Ba a cika fita ɗaya ɗaya ba. A kan haɗa ayari ƙarƙashin madugu ko wani malami wanda ya taɓa zuwa, a shiga birnin Kano ta Ƙofar Kabuga, a yi 'yan kwanaki ana neman abokan tafiya.

Zango zango

Daga Kano zuwa bakin Bahar Maliya ya fi mil 2,000. Hanyar da aka fi bi ita ce ta Potiskum da Maiduguri da Dikwa, a haye zuwa Fort Lamy, wadda aka sāke wa suna Njamena a 1973. Daga nan a bi ta Ati zuwa Abeshe, babban birnin Wadai, a ƙetare iyaka a Adare, a sauka Jinena cikin Darfur. Sa'an nan Fashir da Nahud, har Lubayya, watau El Obeid.

Abin lura shi ne wannan hanya ba ta yi sauƙi ba sai da sarautun da ke kanta suka faɗi. Faransa ta kama Abeshe a 1909, Ingilishi kuma suka ci Darfur a 1916, shekarar da aka kashe Sarki Ali Dinar. Jirgin ƙasa ya iso Lubayya wajen 1912, ya kai Niyala a 1959. Saboda haka wanda ya isa Lubayya da 'yan kuɗinsa ya huta da tafiyar ƙafa.

Amma kaɗan ne ke isa da kuɗi. Galibi guzuri ya kan ƙare tun a Wadai, sai mutum ya tsaya ya yi ƙodago damina ɗaya, ya tara, ya ƙara gaba. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai ya zama nan ne babban wurin neman kuɗin jirgi. Akwai kuma aikin auduga a Gash da Tokar, da yankan dawa da riɗi a Gadarif. Ta haka tafiya ta kan ci shekara uku, ko bakwai, ko fiye. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Wasu kam ba su je ba har abada. Sun yi gida sun hayayyafa, jikokinsu na nan a Sudan ana kiransu Fallata ko Takari, suna kuma kiran kansu matafiya. C. Bawa Yamba ya rubuta littafi sukutum a 1995 kan waɗannan da suka dawwama a hanya, kamar yadda J. S. Birks ya yi kan hanyar kanta a 1978.

Duwatsu

Mutumin yammacin Kano ya tashi a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, wadda bisanta daga teku bai kai ƙafa 2,000 ba sosai, dutsen da ya sani kuwa fā ne ko tsauni guda tsaye cikin gonaki. A hanyar gabas ya kan gamu da duwatsu iri uku.

Na fari su ne na Wadai da Darfur, babbansu Jabal Marra, wanda ƙololuwarsa ta kusa ƙafa 10,000. Ayari ba ya hawansa, kewaye shi ake yi, ko ta arewa a bi Kabkabiya zuwa Fashir, ko ta kudu a bi Zalinje zuwa Niyala. Amfaninsa ga matafiyi shi ne rafukan da ke gangarowa daga gare shi, domin ko da rani in an tona yashinsu a kan sami ruwa. Wahalarsa kuwa sanyin dare ne, ga mutumin da bai taho da bargo ba.

Na biyu su ne duwatsun bakin Bahar Maliya, ƙasar Hadandawa. Waɗannan ƙeƙasassu ne, ba inuwa ba ruwa. Jirgin ƙasa na hawa ta Haya da Sinkat, sa'an nan ya gangara bakin teku. A Sawakin ne hukuma ke tsai da alhazai, a duba fasfo, a yi lambar agana, a biya kuɗin karantina da na jirgin ruwa zuwa Jidda.

Na uku, kuma mafi tsanani, su ne na Iritiriya. Wanda kuɗin Sawakin suka gagare shi, ko ba shi da takarda, ya kan bi ta Kassala ya shiga Tasanai, ya wuce Agordat da Karan, ya hau Asmara wadda ke bisa wajen ƙafa 7,600, sa'an nan ya gangara Masawa cikin tafiyar kamar mil 70, daga sanyi mai ratsa ƙashi zuwa zafi mai narka mutum. Daga wannan gaɓa ake shiga ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, waɗanda Larabawa ke kira sambuk, a sauka a Lis ko Kunfuda, a kama hanyar Makka da ƙafa. Hanyar ta fi araha, amma ta fi haɗari. Jirage kan nutse, masu jirgi kan zubar da mutane a gaɓar da ba ruwan sha, kuma kafin Saudiyya ta haramta bauta a 1962 an sha sayar da yara da mata a can. Araha a wannan wuri, da rai ake biyanta.

Zuwan mota

A 1948 Alhaji Muhammadu Nagoda da abokansa suka shirya manyan motoci daga Kano zuwa Sudan, kowane mahajjaci fam 20, tafiyar kuma ta kan ɗauki kamar wata shida. Cikin wannan shekara Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa kamfanin jigilar alhazai na Afirka ta Yamma, wanda ake taƙaita sunansa WAPA. Daga shi ne unguwar Wapa ta Fagge ta sami suna.

Mota ba ta kashe tsohuwar dabara ba, gyara ta ta yi. Talaka ya kan biya kuɗin zango ɗaya, ya hau bisa buhuna a bayan mota, in kuɗi sun ƙare ya sauka ya yi aiki. Watau har yanzu yana iya sayen tafiyarsa gutsure gutsure, kamar mai sayen hatsi da mudu. Wannan shi ne abin da jirgin sama ya zo ya rushe.

Zuwan jirgin sama

Jiragen sama na farko sun sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, na sojan Ingila ne daga Masar. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Hartum zuwa Kano, tana bin Lubayya da Fashir da Jinena da Fort Lamy da Maiduguri, watau sawun alhazan ƙasa ta bi daidai. Cikin shekarun 1950 aka fara ɗaukar alhazai ta sama a kai a kai. A 1953 Alhaji Abubakar Imam ya kawo shawara a Majalisar Wakilai ta Ikko cewa a buɗe wa alhazan Nijeriya ofis a Jidda. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, NAHCON kuma an kafa ta a 2006.

Yammacin Kano na da hannu cikin wannan babi. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, shi ya kafa kamfanin Kabo Air a 1980, wanda ya yi shekaru yana jigilar alhazai da manyan jirage. Ƙasar da kakanni suka bari da jaki, sai ga sunan garinta a jikin jirgi. Tafiyar shekara bakwai ta koma ta awa biyar ko ƙasa da haka, mahajjaci kuma ya kan wuce bisa Jabal Marra bai ko san ya wuce ba. Ita ma sama tana da nata haɗari. Ran 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya faɗi a filin Kano, mutum 176 suka rasu.

Amma babban bambanci a wajen biya yake. Jirgi ba ya tsayawa a Abeshe don mutum ya yi ƙodago. Kuɗin kujera gaba ɗaya ake biya kafin a tashi. Daga 1988 aka ƙayyade wa kowace ƙasa adadin alhazanta, kimanin mutum ɗaya cikin dubu na Musulminta, biza kuma ta zama sai ta hannun hukuma ko kamfanin da aka yarda da shi. A 2025 kujerar hajji daga arewacin Nijeriya ta haura naira miliyan 8. Hanyar ƙasa kuwa ta toshe da fitina, ta Borno tun 2009, ta Darfur tun 2003, sa'an nan yaƙin da ya ɓarke a Hartum cikin Afrilu 2023. A wannan shekara ɗaliban Nijeriya da ke Sudan a motocin safa aka kwashe su zuwa iyakar Masar da Fort Sudan, jirage suka dawo da su gida.

Abin da ya rage a yi

In aka auna, jirgi ya ceci rayuka masu yawa, ya kuma mai da alhazai ga iyalansu cikin wata guda. Abin da ya ɗauke shi ne ikon da Malikiyya suka gani ga mai sana'a da ƙafa biyu, domin yau iko ya koma kuɗi tsagwaro. Manomin Getso da ke son zuwa sai ya sayar da shanu ko gona, ko ya yi shekaru yana adashi. Lokacin da kakansa ke kashewa a hanya, shi a gida yake kashe shi.

Tare da hanyar, ilminta ma yana tafiya. Sunayen zango kamar yadda bakin Bahaushe ya juya su, da kalmomin Larabcin Shuwa da na Sudan da alhazai suka shigo da su, da lissafin abin da aka kashe tsakanin gari da gari, duk suna cikin kan tsofaffi ƙalilan da 'ya'yansu. Malaman kwalejojin horon malamai su ne suka fi kowa damar tattara wannan, domin ɗalibansu daga waɗannan garuruwa suke. Ya kamata a ɗora wa kowane ɗalibi ya nemi gidan da aka taɓa yin hajjin ƙasa a garinsu, ya rubuta shekarar tashi da ta dawowa, da zangon da aka yi, da sana'ar da aka ci abinci da ita, da sunan garin da wani ɗan'uwa ya tsaya bai dawo ba. In an tara irin wannan daga Getso da Gwarzo da Kabo kaɗai, za a iya zana taswirar hanyar da bakin waɗanda suka taka ta.