Roka a ƙofar gidan malamin jami'a

Ranar da aka jawo ta unguwarmu, maƙwabcina ya daɗe tsaye yana kallonta, sannan ya juyo ya ce da ni, "Dakta, wai albashin jami'ar ne ya gaza har ka koma sufuri?" Ban ga laifinsa ba. Abin da ke gabansa gingimari ce ƙirar Mercedes-Benz 911, wadda muka fi sani da roka, tayoyinta shida duk sun kwanta, gilashin gaba a tsage, kaji kuma sun mai da mazaunin direba akurki. Na ce masa ba haya za ta yi ba, gyara ta zan yi in ajiye. Sai ya yi shiru irin na wanda ya fara tausaya wa iyalina.

Motar ba ta mahaifina ba ce, amma irinta ya tuƙa fiye da shekara ashirin, yana kai shanu da hatsi Kudu, ya dawo da goro da manja. Da guminta aka saya mini allo da littafi. Wannan kuwa a bayan wani gareji na tsince ta, saura 'yan kwanaki 'yan gwangwan su zo su daddatsa ta, domin mai ita ya riga ya yi ciniki da su a kan nauyin ƙarfe. Na ɗora wani abu a kan tayinsu, ya sallama mini yana murmushin wanda ya yi sa'ar wawa.

A Turai ba wanda zai yi mamakin abin da na yi. A Ingila akwai ƙungiyar masu adana tsofaffin motocin sufuri da aka kafa tun 1958, kuma tun farkon shekarun 1960 ta fara shirya jerin gwanon tsofaffin manyan motoci a watan Mayu, daga Landan zuwa garin Brighton na bakin teku. A Jamus, tun 1997 motar da ta cika shekara 30 kuma aka kula da ita a kan siffarta ta asali tana iya samun lamba ta musamman mai ƙarewa da harafin H, alamar cewa ta zama kayan tarihi, harajinta ma daban ne. Akanta ko likita zai share ranakun hutunsa na shekaru yana kankare tsatsa a jikin motar da ba za ta taɓa kawo masa ko sisi ba.

Bambancinmu da su ba na arziki ne kawai ba. A can mota takan yi ritaya, ta ɓace daga titi, sai mutane su yi kewarta su nemo ta. A nan kuwa babbar mota ba ta san ritaya ba. Tana ɗaukar itace da yashi da albasa har ranar da za ta durƙushe, daga nan sai ma'auni. Ba ta samun 'yar tazarar nan da za a dube ta da idon tarihi. Abin da mutum yake gani kullum a hanyar Dawanau ba ya yi masa kama da abin ajiyewa, sai ran da ya waiga ya ga babu.

Ita wannan mota tana da tarihin da ya cancanci a sani. Kamfanin Daimler-Benz ya fara ƙera wannan zubi mai gajeren hanci a 1959, saboda dokar da Jamus ta Yamma ta kafa a lokacin ta taƙaita tsawon manyan motoci, sai aka tura wani sashe na injin cikin ɗakin direba don a rage hancin a bar wa kaya wuri. An ci gaba da ƙera ta har 1995, kuma a shekarunta na ƙarshe kasuwarta tana Afirka da Gabas ta Tsakiya da Kudancin Amurka. Lambar 911 ma ba ado ba ce: 9 na nufin nauyin kusan tan tara, mota da kayanta, 11 kuma ƙarfin doki 110. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake lafta mata kaya a tashoshinmu ya san cewa tan taran nan a takarda kawai ya tsaya.

Aikin gyaran ba ni na yi ba, gaskiya ɗaya ce. Ni yaron shago ne. Maigidana wani dattijon bakanike ne da ya haura saba'in, wanda tun yana saurayi bai san wani inji ba sai na gas. Baba nake ce masa, shi kuma ba ya kira na Dakta sai in na yi shirme. Ranar farko da na ɗauko sifana zan kwance wani noti da ya ci tsatsa, ya riƙe hannuna ya ce, "Dakta, ƙarfe ba a yi masa gaggawa. Zuba masa mai ka je ka yi sallah." Kwana biyu muna jiƙa shi kafin ya saki. Da na yi masa ƙarfi, da ya karye a ciki, da mun shiga wani sabon aiki na mako guda.

Injinta mai silinda shida ne, kusan lita 5.7, wanda kamfanin ya sa wa suna OM 352. Babu kwamfuta a jikinsa ko ɗaya. Famfon mai ne ke auna wa kowace silinda rabonta, ya tura shi ta bututu zuwa nozul, iskar da fistin ya matse ta yi zafi ta kunna man. Shi ke nan. Saboda haka duk cutar da ke jikinsa ana iya ganinta ko a ji ta. Baba yakan kafa bakin sukuddireba a jikin inji ya kara ƙotar a kunnensa, kamar likita da abin sauraren ƙirji. In inji yana ɗingishi, sai ya riƙa sassauta bututun man kowace silinda ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka sassauta amma ƙarar injin ba ta sauya ba, ita ce matacciyar. Hayaƙi ma magana yake yi masa. Baƙi na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, shuɗi na nufin baƙin mai yana haurawa yana ƙonewa, fari kuma ko man bai ƙone ba ko ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Na shekara goma sha biyar ina koyarwa, amma ban taɓa ganin darasi mai tsari kamar wannan ba, kuma ko layi ɗaya nasa ba a rubuce yake ba.

A nan ne abin ya daina zama mini sha'awa kawai. Yaran garejin Baba duk sun karkata ga sababbin motoci masu ƙwaƙwalwa, waɗanda ake jona wa na'ura ta faɗi ciwonsu, kuma suna da gaskiya, domin can abinci yake. Amma ke nan ranar da dattawa irinsa suka kau, ilimin da ya riƙe sufurin ƙasar nan rabin ƙarni zai bi su kabari. Mu a jami'a muna tura ɗalibai su naɗo tatsuniya da waƙoƙin daka daga bakin tsofaffi, kuma daidai ne. Ban san dalilin da ya sa ba ma ganin tsohon bakanike da tsohon direba a matsayin rumbun tarihi ba, alhali Mamman Shata da kansa ya ga direbobi sun isa a yi musu waƙa.

Mun yi saɓani da wani abokina injiniya a kan bodi. Shi yana ganin in dai gyaran gaske za a yi, to a mai da ita yadda ta fito daga masana'anta, a cire bodin katako, a goge zane-zanen, a yi mata fenti ɗaya tas. Haka galibin Turawa suke yi. Ni ban yarda ba. Yawancin motocin nan kai da ƙashin baya kawai suke zuwa da shi. Kafintocinmu ne suke ɗora musu bodi, masu fentinmu su zana zaki ko dawisu, mai mota ya zaɓi maganar da za a rubuta a goshi. Tawa an rubuta mata "Haƙuri maganin zaman duniya", rabin haruffan sun koɗe. In na goge wannan, na ajiye motar Jamus ke nan, na zubar da tamu. A Sudan maƙera sun ɗauki Bedford ta Ingila suka sake mata ƙashi da ƙafafu don ta iya ratsa yashi da kaya masu nauyi, suka raɗa mata suna sifinja, har masana daga Jamus suka je suka yi nazarin sana'ar. Kamfanin Bedford ya daina ƙera manyan motoci tun tsakiyar shekarun 1980, amma motarsa ta ci gaba da rayuwa a hannun waɗanda suka mai da ita tasu.

Akwai kuma abin da motocin nan ke tuna mana wanda ba daɗi. A ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 Najeriya tana harhaɗa manyan motoci a cikin gida: Mercedes a Inugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan. Ɗalibaina na yau, 'yan Kano da Bauchi, da yawansu ba su taɓa jin wannan ba. Wata Steyr ɗaya da aka harhaɗa a Bauchi, a ajiye ta a harabar tsangayar injiniya, za ta yi musu bayanin da lacca uku ba za ta yi ba. A gidan tarihi na ƙasa da ke Legas an adana motar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta a 1976, kuma ya dace. Sai dai tarihi ba na shugabanni ne kaɗai ba. Motar da ta kwaso gyaɗa daga ƙauyuka zuwa bakin jirgin ƙasa ita ma ta ga abubuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kiran a bar tsofaffin motoci su ci gaba da yawo a titunanmu. Na san abin da roka mai shanyayyen birki take yi in ta gangaro cikin kasuwa, na kuma san hayaƙin da take turnuƙe mutane da shi. Da yawansu ya kamata a sauke su daga aiki tun jiya. Abin da nake cewa shi ne, cikin ɗari da za a yanka a bar ɗaya. Haka kuma wanda ya ce mini a wannan zamani na tsadar abinci kashe kuɗi a kan mataccen ƙarfe almubazzaranci ne, ba zan ce ya yi ƙarya gaba ɗaya ba. Uwargidana ta faɗa mini haka, ba sau ɗaya ba. Amsata dai ita ce kuɗin ba su bar unguwa ba: sun shiga aljihun mai walda, da kafinta, da mai ɗinkin kujera, da 'yan kayan gyara na Kofar Ruwa, da wani maƙeri a Panteka ta Kaduna da ya ƙera mana maƙalar da muka yi wata biyu muna nema ba mu samu ba.

Wahalar ma ba ta ƙarewa da gyara. Zama shi ne babban abokin gabar babbar mota. In ta daɗe a tsaye, robobi su bushe su fara yoyo, ruwa ya taru a gindin tankin mai, tayoyi su tsattsage, batir ya mutu. Don haka duk Asabar bayan sallar asuba nakan duba ruwan lagireto da baƙin mai, in sa giris inda ya kamata, in tayar da ita ta yi zafi sosai, sannan mu zagaya fili da ita sau biyu ko uku. Titi kam ba ta hau ba tukuna, domin Baba ya ce bai gamsu da birkin baya ba, kuma ya rantse ba za ta fita ba sai ya gamsu.

Ranar da ta fara tashi, bayan shekara biyu da rabi, mahaifina yana zaune a kan tabarma a zaure, idanunsa sun riga sun yi rauni. Ya saurari ƙarar na ɗan lokaci, sannan ya aiko ƙaramin ɗana ya ce a gaya wa Baba silinda ɗaya tana latti. Baba ya kara sukuddirebansa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta huɗu ce.