Shin Ya Wajaba Masu Ra'ayin Gurguzu Su Goyi Bayan Yajin Aikin 'Yan Jarida?

Akwai wata mas'ala da ta daɗe tana raba kan masu ra'ayin gurguzu a Ingila da Amurka, wadda takan taso duk sa'ad da ma'aikatan wata babbar jarida suka ajiye alƙalumansu, kamar yadda mutum fiye da 1,100 suka yi na kwana guda a New York Times ranar 8 ga Disamba 2022, wato ko ya wajaba a mara musu baya yadda ake mara wa masu haƙar kwal da direbobin jirgin ƙasa, ko kuwa a bar su su ƙarata da iyayen gidansu. Masu ƙin goyon baya ba su rasa hujja ba, domin a ganinsu ɗan jaridar irin waɗannan gidaje kakakin attajirai ne, shi ne kuma wanda yakan rubuta cewa leburori sun jefa jama'a cikin ƙunci idan suka shiga yajin aiki, saboda haka taya shi neman ƙarin albashi tamkar wasa wa mahauci wuƙar da zai yanka ka ne.

Mafi ƙarfin dalilansu shi ne abin da ya auku a Landan a watan Janairun 1986, lokacin da Rupert Murdoch, mai jaridun Times da Sunday Times da Sun da News of the World, ya kwashe aikinsa dare ɗaya ya mayar da shi sabuwar maɗaba'a a unguwar Wapping, ya kuma sallami ma'aikatan ɗab'i fiye da 5,000 da suka shiga yajin aiki. Ƙungiyar 'yan jarida ta umurci mabiyanta kada su taka ƙafa can, amma da aka yi musu tayin ƙarin fam 2,000 a shekara, sai galibinsu suka bi, 'yan ƙalilan ne suka tsaya a kan bakansu. Aka shekara ana artabu da 'yan sanda a ƙofar maɗaba'ar, har yajin ya mutu a watan Fabrairun 1987. Wanda ya ga wannan, in ya ce ba ruwansa da kukan 'yan jarida, lalle yana da uzuri.

Sai dai duk mai neman yanke hukunci bisa adalci ba zai tsaya a kan Wapping kaɗai ba, domin tun a watan Mayun 1984, ana tsakiyar yajin masu haƙar kwal, editan Sun ya shirya buga hoton shugabansu Arthur Scargill ya ɗaga hannu, da wani kanu mai siffanta shi da Hitler, ma'aikatan ɗab'i kuwa suka haɗa kai suka ce ba da hannunsu ba, jaridar ta fito babu hoton babu kanun. Waɗannan mutane ba su fi sauran ma'aikata tsoron Allah ba. Abin da suka mallaka shi ne ƙungiya wadda ta sa mai gida ba ya iya korar mutum guda saboda ya ƙi aikata ƙazafi. A nan illar hukuncin take, kamar yadda malaman usulu za su faɗa: ɗan jaridar da ba shi da kariya, abin da aka umurce shi shi zai rubuta, ko da zuciyarsa tana ƙyamarsa.

Mu ma a Nijeriya, inda aka kafa ƙungiyar 'yan jarida tun 1955, mun san abin da kan faru idan gidan jarida ya riƙe albashi wata da watanni, domin wakilin da bai karɓi ujurarsa ba a hannun ɗan siyasa zai nemi na cefane, labarinsa kuma ya bi inda ambulan ta fito.

Don haka ra'ayina shi ne a goyi bayan 'yan jarida masu yajin aiki, ba tare da an ɗauki goyon bayan a matsayin wanke abin da suke rubutawa ba, a kuma riƙa tuna musu da bashin Wapping ba tare da jin nauyi ba. Bayan wancan yajin, kamfanin Murdoch ya daina zama da ƙungiyar 'yan jarida a kan haƙƙin ma'aikatansa, kuma a wannan gidan ne badaƙalar satar sauraron saƙonnin wayar mutane ta yi ƙamari har aka rufe News of the World a watan Yulin 2011. Ba na da'awar cewa ƙungiya za ta hana wannan ɓarna dukanta. Amma da aka kafa kwamitin bincike na alƙali Leveson bayan wannan badaƙala, abin da ƙungiyar ta je ta nema a gabansa shi ne a sanya sharaɗi a takardar ɗaukar aiki, wanda zai ba ɗan jarida damar ƙin umurnin da ya saɓa wa ƙa'idar sana'arsa ba tare da an kore shi ba.