Yadda Bariki Ya Iso Ƙasar Kudu

Har gobe idan Bahaushe ya ce wane ɗan bariki ne, to, ba yabo yake nufi ba. Asalin kalmar sansanin sojan Nasara ne, daga baya ta zama sunan kowane mazauni da Turawa suka kafa a bayan ganuwa, da irin zaman da ake yi a cikinsa. A wannan mako muna so mu duba yadda wannan zama ya faro a ƙasar Kano, da yadda hannunsa ya miƙe har ya taɓa rumbun manomin Dingaya ta ƙasar Gwaram, garin da ba a kafa wa Turawa unguwa a cikinsa ba.

Kafin zuwan Nasara, ƙasar Birnin Kudu da Gwaram bakin iyaka ce ta masarautar Kano, tana fuskantar duwatsun Ningi. Su kuwa shugabannin Ningi na farko malamai ne daga Tsakuwa, Malam Hamza da jama'arsa, waɗanda suka yi ƙaura a wajen shekarar 1846 bayan saɓani da Kano a kan biyan kuɗin ƙasa. Magadansu, irin su Ɗan Maje da Ɗan Yaya, sun shafe shekaru suna kai hari kudancin Kano, har Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi a kansu. Saboda haka zaman mutanen Kudu zaman ribaɗi ne: a kwana cikin ganuwa, a yi noma kusa da ita, kunne na sauraron kuwwa. Kan wannan kuma ga Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895, wanda Yusufawa suka yi wa sansani a Takai, ba nisa da nan.

Kano ta faɗa hannun Turawa ran 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato kuma ran 15 ga Maris. Nan take tambaya mai nauyi ta hau kan malamai: a yi hijira ne, ko a zauna ƙarƙashin wanda ba Musulmi ba? Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas, talakawa da sarakuna suka yi ta barin gonaki suna binsa, har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Waziri Buhari shi kuwa ya zauna, ya rubuta risala yana bayyana hujjarsa, watau a yi musu biyayya a al'amuran duniya domin jama'a su tsira da addininsu. Mafi yawan kakanninmu wannan hanya ta biyu suka bi, kuma daga cikinta aikin En'e ya fito.

Turawa ba su zauna cikin birnin Kano ba. Sun sauka a Nasarawa, inda Sarki ke da gidan shan iska, daga baya suka yi unguwarsu a Bompai. Ƙa'idar Gwamna Lugga ita ce a bar fili na yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na baƙar fata, wai don tsoron zazzaɓi. A wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa mutanen kurmi, aka kuma ɗauke shi daga hukuncin Sarki da alƙali, aka sa shi hannun majistare. Fagge, tsohon zangon fatake, ta cika ta batse, Kwarori suka buɗe kantuna a gefenta. A Nasarawa ne kuma Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a 1909. Ga kuku, ga boyi, ga masinja, ga tafinta, ga soja da ɗan sanda, mutane ne da aka tara daga ƙasashe dabam dabam, masu cin abinci da albashi, ba uba ba malami a kansu. A nan giya ta sami wurin zama a fili, shi ya sa mutumin birni ya raina bariki, ko da yake bai daina kai mata kaya ba.

To, ta yaya wannan ya iso ƙasar Kudu, tafiyar kimanin mil 80 daga Kano? Hanya ta farko ita ce gunduma. A da, masu sarauta suna zaune a birni kusa da Sarki, garuruwansu a warwatse, jakadu ne ke kai da kawowa. Razdan Kagil, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, shi ya yayyanka ƙasar a wajen 1907 zuwa 1908, aka tura hakimai su koma su zauna cikin gundumominsu, aka ture jakadu gefe. A mazaunin hakimi sai a gina masaukin Di'o, shi ma bariki ake ce masa. Ranar da Di'o ya fito rangadi, talakawa ne za su share hanya, su ɗauki kaya a ka, su kawo itace da ruwa da ƙwai da ciyawar doki.

Hanya ta biyu, wadda ta fi shafar wannan fili namu, ita ce haraji. A zamanin sarakunan Fulani akwai kuɗin ƙasa, da kuɗin shuka, da kuɗin rafi, da kuɗin karofi na marina, da jangali na shanu, sa'an nan ga zakka ta hatsi, dami ɗaya cikin goma. Turawa suka ga wannan ya yi musu yawan rassa, sai suka dunƙule mafi yawansu wuri guda, har da zakka, suka ce haraji. A gundumomin da ke kewaye da birni har gonaki aka riƙa aunawa da ƙafa, shi ne ake kira taki. Kuɗin da aka tara ana raba shi tsakanin Gwamnati da Baitulmali, wanda aka kafa a Kano a wajen 1909 zuwa 1910, aka yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi daga cikinsa.

A ganinmu babu abin da bariki ya kawo da ya kai wannan nauyi. Zakka ibada ce, tana da nisabi, tana da mutane iri takwas da aka ƙayyade su ci ta. Haraji kuwa ba ruwansa da nisabi, kuma cikinsa ake biyan dogari da malamin haraji. Ba muna cewa a da zakka tana isa hannun miskinai yadda ya kamata ba ne, gama rumbunan sarakuna sun ci rabonsu. Amma dai tana da sunanta, manomi ya san abin da yake fitarwa. Da ta narke cikin haraji, sai mai tsoron Allah ya koma biya biyu: ya ba dagaci sulalla, ya dawo ya fitar da dami ya ba malamin tsangaya ko maƙwabci mabukaci. Wanda ba ya so kuwa ya sami abin fakewa.

Sulallan nan su ne hanya ta uku. Turawa sun ƙi karɓar wuri da hatsi, sai sule da kwabo da anini, manomi kuwa ba ya samun su sai ya sayar da wani abu. Layin dogo ya iso Kano a 1911, jirgi ya fara jigila sosai a 1912. Turawa auduga suke sa rai, manoma suka zaɓi gyaɗa, don tana da kuɗi kuma idan yunwa ta matsa a ci ta. Kamfanonin bariki ba su san ƙauye ba, sai suka jingina da fataken goro da suka san kowace hanya, irin su Umaru Sharubutu, da Maikano Agogo, da Alhassan Ɗantata. Su ke karɓar jari, su rarraba wa yaransu, yaran su shiga kasuwannin ƙauye da mudu da buhu, jakuna da raƙuma su kwaso zuwa sikelin Kano. Gundumomi masu nisa irin na Kudu sun shiga wannan ciniki da ƙarfi ne bayan da aka yi hanyoyin mota.

Ba a jima da fara wannan ciniki ba damina ta 1913 ta ƙi, yunwar da wasu ke kira Kakalaba ta auka wa ƙasa a 1914, mutane da dabbobi suka hallaka da yawa.

Adalci ne mu faɗi abin da talakan Kudu ya samu. An kashe Ɗan Yaya a 1902, harin Ningi ya ƙare, mutane suka fara fita daga ganuwa suna saran daji suna kafa ƙauyuka kusa da gonakinsu. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris 1901 ɗa ne, manyan bayi kuma suka riƙa fansar kansu ta hanyar murgu a gaban alƙali, har aka soke bauta gaba ɗaya a 1936.

Haraji ya fi Turawan da suka tsara shi daɗewa. Sun tafi a 1960, shi yana nan, sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi tare da jangali a Jihar Kano, wadda a lokacin Birnin Kudu da Gwaram ke cikinta. A 1991 aka yanke Jihar Jigawa, ƙasar Kudu ta koma ƙarƙashin masarautar Dutse, inda daga baya aka kafa kwamitin tattara zakka da rarraba ta gunduma gunduma, da sunanta na asali.