Tsamin jiki bayan ɗaga ƙarfe: abin da awon jini ke nunawa

Idan ka fara ɗaga ƙarfe, ko ka koma bayan dogon hutu, jikinka zai yi tsami. Ciwon ba ya zuwa nan take. Yakan soma bayan awa 12 zuwa 24, ya tsananta a kwana na biyu ko na uku, ya lafa cikin mako guda.

Da yawa suna cewa wani sinadari mai suna asid laktik ne ke taruwa a tsoka. Ba haka ba ne, domin wannan sinadari yakan bar jini cikin kamar awa ɗaya bayan an gama motsa jiki. Abin da ke faruwa shi ne zaruruwan tsoka suna samun ƙananan yagewa, musamman lokacin da kake sauke nauyin a hankali, tsokar tana miƙewa alhali tana riƙe da kaya. Daga nan wurin ya kumbura, jiki ya shiga gyara.

Ta waɗannan yagewa wasu sinadarai ke zubowa cikin jini. Mafi shahara shi ne wanda ake rubuta CPK a takardar awo. Yawansa yakan ninka sau da dama, amma ba shi ne ma'aunin ciwo ba: wani yana fama da tsami adadinsa kaɗan, wani adadinsa ya hau bai ji komai ba.

Ga inda ya kamata ka kula. ASAT da ALAT, waɗanda likita ke dubawa don sanin lafiyar hanta, su ma akwai su a tsoka. A wani bincike da aka buga a 2008 a kan maza 15 masu lafiya a ƙasar Suwidin, awa ɗaya ta ɗaga ƙarfe ta ɗaga waɗannan adadi har tsawon mako guda. A ƙasa irin tamu, inda ciwon hanta ya yawaita, wannan na iya jawo fargaba da kashe kuɗi a banza. Saboda haka, in za a ɗebi jininka, faɗa wa likita ranar da ka ɗaga ƙarfe.

Tsami na yau da kullum hutu da motsi marar nauyi sun ishe shi, kuma karo na biyu yakan zo da sauƙi. Amma idan fitsarinka ya koma launin shayi, ko ya ragu ƙwarai, ko hannu ya kumbura ya ƙi miƙewa, je asibiti a ranar. Alama ce tsoka ta lalace sosai, abin da ke fita daga cikinta kuma yana iya toshe ƙoda. Zafin watan Afrilu da Mayu da ƙarancin shan ruwa suna ƙara haɗarin, haka ma ga mai ɗauke da ƙwayar amosanin jini. A wannan hali kada ka sayi ibuprofen ko diklofenak wajen masu tallan magani, domin suna ƙara wa ƙoda wahala.