Shan Maganin Tsinka Jini Bayan Aikin Zuciya

A cikin zuciya akwai 'yan ƙofofi 4 da ke hana jini komawa baya. Ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun yarinta yana iya lalata su, har sai an yi tiyata an sa sabuwa. Idan ta ƙarfe ce, jini yakan daskare a jikinta, gudan ya toshe ta, ko ya haura ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa ake ba mutum maganin tsinka jini mai suna warfarin, kuma zai sha shi iyakar ransa.

Wannan magani sai da lura. In ya yi kaɗan jini ya daskare, in ya yi yawa jini ya yi ta zuba. Saboda haka muna roƙon iyalai kada su bar asibiti sai sun zauna da masanin magunguna, tare da wanda zai kula da majinyacin a gida. Ga abin da zai koya muku:

Awon jini. Sunansa INR. Na mai lafiya kusan 1 ne, amma mai ƙofar ƙarfe ana son nasa tsakanin 2 da 3.5, gwargwadon yadda likita ya tsayar. Ku rubuta kowane sakamako a littafi.

Lokaci. A sha kullum a lokaci ɗaya. In an manta na jiya, kada a haɗa biyu yau.

Abinci. Zogale, alayyafo da kabeji suna rage ƙarfin maganin. Ba a ce ku daina ci ba, sai dai kada ku ci da yawa wannan mako, mako mai zuwa babu.

Wasu magunguna. Aspirin, ibuprofen, Flagyl da Septrin suna ƙara haɗarin zubar jini. Ku tambaya kafin shan kowane magani, har da na gargajiya. A guji ƙaho, a kuma sanar da likita kafin cire haƙori.

Juna biyu. Warfarin na iya cutar da ɗan tayi. Mace ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki, kada ta daina sha da kanta.

In kun ga haɓon da ya ƙi tsayawa, jini a fitsari, baƙin bayan gida, matsanancin ciwon kai ko karkacewar baki, ku tafi asibiti nan take. Kuma ku sayi wani maganin tun kafin na hannu ya ƙare.