Ido Ba Mudu Ba Ne

Jama'a masu sauraronmu na cikin garin Dakoro da na karkara, tun daga Kornaka da Sabon Mashi da Ɗan Gulbi har zuwa Birnin Lalle, da rugagen Fulani da zangunan Buzaye na Kwarin Tarka, barkanmu da war haka. Shirinmu na musamman na yau mun keɓe shi ga ƙannenmu ɗaliban aikin jinya, waɗanda ke karatu a makarantun kiwon lafiya na Maraɗi da Damagaram da Yamai, waɗanda kuma gobe, in Allah ya yarda, wasunsu nan za a turo su su riƙe mana likitocinmu na ƙauye. Amma duk wanda ya taɓa karɓar ƙwayar magani a tafin hannunsa, ko ya danne ɗansa a cinya ana yi masa allura, yana da rabo a wannan zance.

Magabata sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, kuma a kasuwar hatsi maganar tana nan daram, domin tsohuwa takan dubi tulin gero ta faɗi tiya nawa ne, in aka auna sai a samu ba ta yi nisa ba. To, ni dai ina roƙon ɗalibin jinya da ya ajiye rabin ƙarshe na wannan karin magana a bakin ƙofar ɗakin majiyyata, ya shiga da rabin farko kaɗai. Masanan da suka gabata ba su yarda da ƙiyasin ido a sha'anin magani ba. Alkindi, masanin nan na Bagadaza a ƙarni na 9, risala guda ya wallafa yana neman ƙayyade ƙarfin magungunan da ake harhaɗawa ta hanyar ilimin hisabi. Ibn Sina kuwa, a littafinsa Alƙanun da ya kammala a 1025, sai da ya gindaya sharuɗɗan jarraba magani kafin a yi masa shaidar amfani. Malaman fiƙihu ma sun yi bayanin cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali bai san fannin ba, in ya jawo hasarar rai ko gaɓa, lamuni yana kansa. Ashe awo a wannan sana'a hukunci ne na amana tun kafin ya zama darasin jarrabawa.

Bari in kai ku wata ƙaramar likita ta ƙauye, wadda na taɓa kwana a harabarta cikin watan Satumba, lokacin da gero ya yi kai, sauro ya yi yawa, masassara kuma ta cika gidaje. Bayan sallar Isha'i aka shigo da wani yaro a amalanke, jikinsa kamar garwashi, idanunsa sun juye, uwarsa na salati. Ni da nake kallo, zuciyata cewa take a yi maza a soka masa allura; amma ma'aikacin, wani dattijo mai natsuwa, bayan ya kwantar da yaron a gefensa ya ɗiga jinin yatsansa a abin gwaji, abin da ya miƙa hannu ya ɗauko shi ne wandon ma'aunin nan da ake ratayawa a ƙugiya. Kilo 8. Ya rubuta a takarda kafin ya taɓa kwalba.

Ga dalilinsa, kuma ƙannena ku saurara da kyau. Maganin masassara mai tsanani a yau shi ne allurar artesunate, wadda wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2010, kan yara fiye da dubu 5 a ƙasashen Afirka 9, ya nuna ta fi kinin ceton rai. Ƙa'idarta miligiram 2,4 ne ga kowane kilo na nauyin majiyyaci, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi ga kowane kilo. Yaron kilo 8 ke nan haƙƙinsa miligiram 24. Ƴar kwalbar da aka fi samu garin magani miligiram 60 ne a cikinta. Ana fara narkar da shi da mililita 1 na ruwan bikarbonat da ke zuwa tare da ita, a girgiza har ya yi garau, sa'an nan, in ta jijiya za a ba da shi, a ƙara ruwan gishiri na asibiti mililita 5, ta yadda kowace mililita za ta ɗauki miligiram 10, rabon yaronmu ya zama mililita 2,4. In kuwa jijiya ta ɓuya, aka koma ga tsoka, mililita 2 kawai ake ƙarawa, ruwan ya ninka kauri, rabon ya koma 1,2. Wanda ya haɗa irin haɗin tsoka, ya ja irin adadin jijiya, ya ninka wa yaro magani ba tare da ya sani ba, alhali kwalbar ɗaya ce, launin ruwan ɗaya ne, kuma babu idon da zai bambance su. Ana maimaita allurar bayan awa 12, da kuma a awa ta 24, kuma abin da aka haɗa ba a ajiye shi domin anjima.

Ku lura da ɗan waƙafin nan da ke tsakanin 2 da 4. Alƙalami ya tsallake shi, ko gumi ya shafe shi, ko hasken tocila ya kasa nuna shi, sai 2,4 ya zama 24, wato ninki goma. Kuma a magunguna irin su kinin ko fenobarbital, ninki goma ga jariri yana iya zama ajali. Saboda haka in lissafi ya fitar maka da adadin da zai sa ka fasa kwalba uku ko huɗu domin yaro na goye, dakata, ka sake lissafi, ka kira abokin aiki ya yi nasa dabam ba tare da ka gaya masa amsarka ba. Matambayi ba ya ɓata. Kinin ɗin ma, inda har yanzu ake komawa gare shi, ba a taɓa tura shi kai tsaye cikin jijiya. A ƙarin ruwa yake tafiya sannu a hankali tsawon awa 4, kuma yana saukar da sukarin jini. Wasu daga cikin masu jan ƙafa da muke gani a garuruwanmu, allura ce aka soka musu a ɗuwawu inda bai dace ba, ta taɓa babbar jijiyar da ke sauka zuwa ƙafa, shi ya sa ƙaramin yaro a gefen cinya ake yi masa.

Ilimin magani, in an taƙaita shi, labarin tafiyar baƙo ne a cikin jiki: yadda ya shiga jini, inda ya sauka, yadda hanta ta sarrafa shi, da yadda ƙoda ta sallame shi. Mu da muke ƙasar nono muna da misali a gabanmu kullum. Ƙwayoyin masassara na artemeta da lumefantirin, waɗanda ake sha sau 6 cikin kwana 3, suna son maiƙo, don haka shan su da madara ko nonon uwa yana taimaka musu shiga jini. Amma tetrasiklin da siprofloksasin, in suka haɗu da nono a ciki, sinadarin da ke cikin nonon yakan ɗaure su, su wuce ba su yi aikin kirki ba. Kwanon fura guda ke nan ya taimaki wani magani ya tauye wani, kuma mai jinyar da bai san wannan ba zai yi ta zargin maganin ko majiyyacin, alhali laifin yana ga bakinsa da bai yi bayani ba.

Sha'anin ya fi tsanani ga yaro mai tamowa, kuma Dakoro ba ta bukatar a ba ta labarin tamowa, tunda tana cikin garuruwan da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar jinyar irin waɗannan yara a shekarar yunwa ta 2005. Yaron da tamowa ta cinye, hantarsa ta raunana, ƙodarsa ta yi nauyi, zuciyarsa ba ta ɗaukar ruwa mai yawa lokaci guda. Ƙarin ruwan da zai farfaɗo da wani yaro shi yana iya shaƙe shi. Ko maganin ƙarin jini, duk da farin tafin hannunsa yana kiran a ba shi, ba a ba shi a kwanakin farko, sai ya fara cin abinci yana ƙara nauyi. Tausayi na nan, amma sai ilimi ya riƙe masa linzami.

Akwai wani tarko namu na gida wanda littattafan da aka rubuta a Faransa ba su san da shi ba. A ɗaki guda sai ka samu Mamman uku da Hadiza biyu, ga Hasan da Husaini a gado ɗaya. Uwa kuma, saboda alkunya, ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba, Bafulatana ma ta fi tsanantawa. In ka kira suna ka ce wannan ne, sau da yawa za a ce maka i, domin ladabi, ko domin Hausar ba ta zauna ba ga mai jin Fulatanci ko Tamajak. Kada ka kira suna a amsa maka. Ka karɓi katin asibitin yaron ka karanta, ka tambayi sunan mahaifinsa da garinsu, ka gwada da takardar da ke hannunka, in da bukatar tafinta ka nemo shi, kafin allura ta bar faranti.

Sa'an nan mu tuna cewa mafi yawan magani ba a hannun ma'aikaci ake shan shi ba. Ko rabon maganin rigakafin masassara na damina, wanda Nijar ta fara a 2013 ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, na rana ta farko kaɗai ake bayarwa a gaban mai rabo. Na kwana biyun da suka rage yana hannun uwa. Uwar nan ba ta karanta Faransanci, kuma ba da agogo take raba yininta ba, da salla take raba shi. Ka ce mata safe da yamma, sai ta bayar da hantsi da la'asar, dare gaba ɗaya ya wuce jiki babu magani. Amma in ka ce bayan Asuba da bayan Magariba, ka kusanci awa 12. In sau uku ne, Asuba da Azahar da lokacin kwanciya sun kusanci awa 8. Cokalin gida kuma ba ma'auni ba ne, na wannan gida ya ninka na wancan; ka ba ta murfin awo ko sirinji marar allura, ka yi mata alama a kansa, ka ce: Inna, nuna mini yadda za ki yi in kin je gida. Abin da hannunta ya yi a gabanka shi ne shaida, ba gyaɗa kai ba.

Wannan na ɗanɗana shi a gidanmu. Wata ƴar ƙanwata ta yi zazzaɓi, aka ba ta farasitamol a likita daidai da nauyinta, wato miligiram 15 ga kowane kilo. Kakarta kuma, don ƙauna, ta sayo mata maganin mura a wurin masu talla, mu kuwa ba mu san shi ma farasitamol ne a cikinsa ba. Kwana biyu muna ninka wa yarinya abin da yawansa ke lalata hanta. Allah ya taimake mu da wata ma'aikaciya da ta ce a zazzage mata duk abin da ke cikin jaka, ta jera kwalaben, ta karanta mana ƙananan rubutun da ke jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, domin ni ne mai karatu a gidan, kuma ban karanta ba.

Shi kansa maganin yana da haƙƙin a bincike shi. Zafin bazararmu, da ke haura digiri 40, yana rage ƙarfin oksitosin, allurar da ungozoma ke dogara da ita wajen tsayar da jini bayan haihuwa, in ba a ajiye ta a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8 ba. Jabu kuwa mun ga masifarsa a ƙasar nan: a annobar sanƙarau ta 1995, mutum fiye da dubu 50 aka yi wa rigakafi da allurar da babu sinadarin rigakafi a cikinta, kuma ma'aikatan da ke aikin ne suka fara shakka, da suka ga garin ba ya narkewa yadda suka saba. A Nijeriya, a 2008 zuwa 2009, wani ruwan maganin haƙoran yara da aka gurɓata da sinadari mai kashe ƙoda ya halaka yara fiye da 80. Gambiya ta ga irinsa a 2022. Kwalbar da launinta ya sauya, ko tambarinta ya goge, ko wa'adinta ya wuce, a keɓe ta a sanar da na gaba.

Saura magana guda, wadda ta fi sauran nauyi a kan harshe. Ranar da ka yi kuskure, kuma duk wanda ya daɗe a wannan aiki zai yi, abin da zai fara zo maka shi ne ka yi shiru, tunda babu wanda ya gani. Amma yawancin magunguna masu haɗari suna da abin da ake yi musu in an sani da wuri: macen da sulfat na magneziyom ya yi wa yawa, numfashinta ya fara ja baya, akwai allurar kalsiyom da ke kwance shi, yaron da kinin ya saukar wa sukari, ruwan sukari ke tashe shi. Duk wannan yana hannun wanda aka gaya wa cikin mintuna, ba wanda ya gano da safe ba. Ku kuma manyan ma'aikata, ɗalibin da ya zo ya ce Malam, na yi kuskure, in kuka tozarta shi a gaban jama'a, kun koya wa ƴan ajinsu duka su ɓoye na gaba. Dattijon nan da na ba ku labarinsa, da ya gama allurar yaron, ya duba agogo ya rubuta lokaci da adadi nan take, ya ƙidaya awa 12 da yatsunsa, ya rubuta ƙarfe 9 na safe a gefen takardar, ya ja layi biyu a ƙarƙashinsa domin wanda zai karɓe shi aiki.